Magungunan Sitiroyid da Ciwon Ciki: Abin da Ya Kamata Majinyaci Ya Sani

Akwai wata 'yar ƙwayar magani fara, mai araha, wadda da wuya a shiga kantin magani a Nijeriya a rasa ta. Likitoci sukan rubuta ta wa mai ciwon asma wanda numfashinsa ya sarƙe, da mai amosanin gaɓɓai, da yaron da ciwon ƙoda ya kumbura masa fuska da ƙafafu, da wanda aka yi wa dashen ƙoda. Sunanta firednisolon. Tana da 'yan'uwa, watau haidirokotizon da betametazon da deksametazon, wadda jama'a suka gajarta sunanta suna ce mata Deksa. Dukkansu dangi guda ne da ake kira sitiroyid. Kada a rikita su da sitiroyid ɗin da waɗansu 'yan wasa ke sha domin gina ƙwanji. Suna ne ya zo ɗaya, amma aiki dabam ne.

Mutane da yawa da aka ɗora a kan wannan magani sukan fara jin ciki ba daidai ba kafin su cika mako biyu. Wani ƙwannafi ke damunsa, wani tashin zuciya, wani kumburin ciki da yawan gyatsa. Mai hankali sai ya koma wurin likitan da ya rubuta masa. Amma akasari ba haka ake yi ba. Waɗansu sukan ajiye maganin nan take su ce bai karɓe su ba. Waɗansu kuwa sukan tafi kemis su sayo maganin ciwon jiki su ƙara a kai. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi biyu tana iya kai mutum gadon asibiti, har ma ta kai shi kushewa, alhali ciwon cikin da ya fara tun asali abu ne da ake iya shawo kansa cikin sauƙi.

Asalin maganin

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zaune kamar hula, ana kiranta adirinal. Ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna kotizol, wanda ke taimakon jiki wajen daidaita sukari da gishiri da bugun jini, kuma yake kwantar da kumburi. Jiki yakan fitar da mafi yawansa da sassafe, sa'an nan ya riƙa raguwa har dare. Abin da lafiyayyen mutum ke fitarwa a yini guda bai wuce kwatankwacin ƙwaya ɗaya ta firednisolon mai miligiram 5 ba, ko fiye da haka kaɗan.

A watan Satumba na 1948 ne wani likita mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo da ke jihar Minisota ta Amurka, ya fara yi wa wata mata mai amosanin gaɓɓai allurar kotizon, wanda abokin aikinsa Edward Kendall ya tace. Cikin 'yan kwanaki matar da ta daɗe tana fama ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba su lambar Nobel tare da Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan. Firednisolon ya shigo kasuwa a 1955, deksametazon kuwa ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1950. Har ila yau darajar waɗannan magunguna ba ta ragu ba: a watan Yuni na 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oksfod ta jagoranta a Ingila ya nuna cewa miligiram 6 na deksametazon kowace rana yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu cutar korona da aka sa wa na'urar numfashi.

Ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Miligiram 20 na haidirokotizon daidai yake da miligiram 5 na firednisolon, daidai kuma da miligiram 0.75 na deksametazon. Saboda haka ƙanƙantar lambar da ke jikin kwalin Deksa ba alamar rauni ba ce.

Yadda yake taɓa ciki

Tumbin mutum yana fitar da ruwan tsami mai ƙarfi domin narkar da abinci. Abin da ya hana wannan ruwa ya cinye tumbin kansa shi ne wani yauƙi da ke lulluɓe bangonsa daga ciki, tare da isasshen jini da ke ciyar da bangon yana gyara duk inda ya ƙuje. Akwai waɗansu sinadarai da ake kira furostagilandin waɗanda ke kula da wannan kariya. Su ne kuma ke haddasa zafi da kumburi a gaɓar da ta yi ciwo. To, sitiroyid yana kwantar da kumburi ne ta hanyoyi da yawa, ɗaya daga cikinsu ita ce rage waɗannan sinadarai, kuma ba ya bambanta na gwiwa da na tumbi. Bugu da ƙari yana jinkirta warkewar rauni ko'ina a jiki. Wannan shi ne tushen zafin ƙirji da ƙwannafi da jin kamar an ɗora dutse a saman cibiya.

Akwai kuma ƙananan damuwa waɗanda ba su da haɗari sai dai takura. Maganin yana buɗe ciki, mutum ya riƙa jin yunwa ko da bai daɗe da tashi daga akushi ba, yawan cin kuwa ya ƙara masa ƙwannafi. Yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ciki ya yi nauyi. Ƙwayar firednisolon tana da ɗaci mai tayar da zuciya, musamman ga yara. Deksametazon kuwa an san shi da kawo shaƙuwa mai naci, galibi ga maza, wadda takan wuce idan likita ya rage shi ko ya sauya wani.

Batun gyambon ciki

Shekaru da dama ana koyar da cewa sitiroyid yana huda tumbi. A 1976 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Conn da Blitzer, suka sake duba gwaje-gwajen da aka yi suka ce ba su ga hujjar haka ba. A 1983 wani nazarin ya saɓa musu, gardama ta ci gaba. Abin da ya fayyace al'amarin shi ne wani bincike da aka buga a 1991, wanda aka yi a kan tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a jihar Tenesi ta Amurka. An ga cewa masu shan sitiroyid shi kaɗai ba su fi sauran jama'a kamuwa da gyambon ciki da wani abin a zo a gani ba. Amma waɗanda suka haɗa shi da magungunan ciwon jiki na dangin asfirin, haɗarinsu ya ninka na wanda ba ya shan ko ɗaya har sau 15. A 2014 kuma waɗansu likitoci a ƙasar Nowe suka tattara gwaje-gwaje 159 da suka ƙunshi majinyata fiye da 33,000. Suka tarar cewa zubar jini ko hujewar ciki ta fi yawa ne ga waɗanda ke kwance a asibiti cikin matsanancin ciwo. A cikin mutum 8,651 da ke karɓar magani suna komawa gida, sau 11 kacal abin ya faru.

Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga wanda likita ya ɗora a kan maganin, amma gargaɗi ne babba ga jama'ar ƙasar nan, gama haɗin da binciken ya nuna shi ne mafi haɗari, shi ne ainihin abin da ake sayarwa a tasha da kasuwa. Magungunan dangin asfirin su ne ibufurofen da daikulofenak da firoksikam da indometasin da makamantansu. Lebura ko manomi ko direba ya dawo a gajiye, ya tsaya wurin mai tallan magani ya ce a ba shi na ciwon jiki, sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi iri iri a leda, babu kwali, babu suna. Sau da yawa a cikin irin wannan haɗi akan sami sitiroyid tare da ɗaya ko biyu daga cikin waɗancan. Ciwon jikin kam zai tafi, shi ya sa ake komawa gobe. Idan kuwa mutumin nan dama yana kan firednisolon daga asibiti, to, ya tara wa tumbinsa abokan gaba uku a dare ɗaya.

Akwai wani dalilin da ya sa ya kamata a ƙara kula. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta da ke zaune a tumbi, wadda daga baya aka tabbatar ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Wannan ƙwayar cuta ta yawaita ainun a Nijeriya, mutane da yawa suna ɗauke da ita tun suna yara ba su sani ba. Wanda ya taɓa yin gyambon ciki lalle ne ya faɗa wa likita kafin a fara ba shi sitiroyid, domin ana iya gwada shi a kashe ƙwayar cutar da magani na mako biyu.

Ciwon da ke zuwa a ɓoye

Zazzaɓi da zafi da taurin ciki su ne ƙararrawar da jiki ke kaɗawa idan wani abu ya lalace a ciki. Sitiroyid yana rage ƙarar wannan ƙararrawa. Mai taifot wanda hanjinsa ya huje, ko mai ciwon afendis, yakan yi ta murƙususu har dangi su ɗauke shi zuwa asibiti. Amma idan yana shan sitiroyid mai yawa, sai ciwon ya zo da sauƙi sauƙi, zazzaɓi kaɗan ko babu, a yi ta jira har lokaci ya ƙure. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce, ciwon cikin da aka raina ga sauran mutane ba a raina shi ga mai shan sitiroyid.

Maganin yana kuma rage ƙarfin garkuwar jiki, abin da ke barci sai ya farka. Farar fumfuna takan fito a harshe da dasashi, ta gangara hanyar abinci har haɗiya ta zama azaba. Masu shaƙar maganin asma mai sitiroyid suna iya kauce wa wannan idan suka kurkure baki da ruwa suka tofar bayan kowace shaƙa. Atunin da amiba ke kawowa yana iya tsananta ƙwarai. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan kuma yakan zauna shiru shekara da shekaru, yana iya tashi, shi ya sa ake son a gwada jini kafin a fara magani mai tsawo.

Sai kuma wata siririyar tsutsar ciki mai suna Sitironjiloyid, wadda ke shiga jiki ta fatar ƙafa idan aka taka ƙasar da bayan gida ya gurɓata. Ta bambanta da sauran tsutsotsi domin tana hayayyafa a cikin mutum, tana iya zama shekara talatin ba ta nuna kanta sosai ba. Da zarar sitiroyid ya danne garkuwa sai ta yaɗu daga hanji zuwa huhu, tana jan ƙwayoyin cutar hanji zuwa cikin jini. Alamunta gudawa da amai da kumburin ciki tare da tari da haki, abin da mai asma zai ɗauka ciwonsa ne ya tashi ya ƙara ƙwaya. Maganinta aibamektin ne, wanda aka daɗe ana rabawa a ƙauyuka domin yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Amma likita ne zai ba da shi, gama a waɗansu yankunan kurmi na kudu akwai wata tsutsar jini wadda ke sa shansa ya zama haɗari.

Yadda ake shansa ciki ya zauna lafiya

In dai likita bai tsara wani lokaci dabam ba, ana shan ƙwayoyin yini duka a lokaci guda, da safe, bayan an karya kumallo. Hikimar haka biyu ce: abinci yana tare bangon tumbi, safiya kuma ita ce lokacin da jiki ya saba ganin kotizol, don haka barcin dare ba zai gagara ba. Karin kumallon ya zama na gaske, kamar koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko alale, ko fura da nono. Kofin shayi shi kaɗai bai isa ba. A haɗiye ƙwaya da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye. Akwai irin firednisolon da aka yi wa rufi domin kada ya narke sai ya wuce tumbi. Wannan ba a tauna shi, ba a daka shi. Mai azumi ya nemi shawarar likita tun kafin ya fara. Galibi akan mayar da shan maganin zuwa sahur tare da abinci, amma wanda ke kan magani mai yawa, ko mai ciwon suga, ko wanda ya taɓa yin gyambon ciki, ana iya ce masa ya dakata.

Ga ciwon kai ko na jiki, farasitamol ne abin sha, bisa adadin da aka rubuta. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin ko maganin tsinka jini irin su wafarin, kada ya daina da kansa. Ya sanar da likitan da ke ba shi sitiroyid domin a kare masa ciki.

Kariyar da aka fi bayarwa ita ce omefirazol da danginsa, waɗanda ke rage ruwan tsamin tumbi, ana shansu kamar rabin sa'a kafin karin kumallo. Ba kowane mai shan sitiroyid ne ke bukatarsu ba. Waɗanda suka fi cancanta su ne tsofaffi, da masu tarihin gyambo ko zubar jini, da waɗanda dole ta sa suke haɗawa da dangin asfirin ko maganin tsinka jini, da masu jinya mai tsanani a asibiti. Shansu shekara da shekaru ba dalili yana da nasa lahani, cikinsa har da raunana ƙashi, wanda dama sitiroyid yana yi. Farin ruwan maganin ƙwannafi da ake sayarwa a kwalba yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, sai dai a bar tazarar sa'a biyu tsakaninsa da ƙwayar sitiroyid, don kada ya hana ta shiga jiki yadda ya kamata.

Jiƙon kanwa da aka saba sha idan ƙwannafi ya taso bai dace da mai wannan magani ba. Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne, amma cike take da irin gishirin da sitiroyid ke sa jiki ya riƙe, ƙarshenta kumburin ƙafa da hawan jini. Saboda wannan dalili ne kuma ake son a rage gishiri da magi a miya. Taba da barasa suna hana gyambo warkewa, a bar su. Goro da gahawa da shayi mai kauri da lemon kwalba suna tsokano ƙwannafi ga mutane da yawa. Yaji ba ya huda ciki kamar yadda ake zato, sai dai yana ƙara raɗaɗi ga wanda cikinsa ya riga ya ƙuje. Kowa ya san gwargwadon abin da cikinsa ke ɗauka. A ci kaɗan kaɗan sau da yawa maimakon cika ciki lokaci guda, a bar sa'a biyu ko uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, in ƙwannafin dare ya matsa a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo. Yunwar da maganin ke kawowa a tare ta da kwaɗon zogale ko rama da wake da 'ya'yan itatuwa, a sassauta wa sukari da soye-soye, gama maganin yana ɗaga sukarin jini.

Haɗarin yanke shi kwatsam

Idan aka daɗe ana ba jiki sitiroyid daga waje, 'yan tsokokin nan na saman ƙoda sukan ga ba a bukatarsu su kwanta barci. Ba sa farkawa a rana ɗaya. Wani lokaci sai an yi makonni ko watanni. Wanda ya sha maganin fiye da mako uku, ko ya sha mai yawa, ko ya sha shi sau da dama a kusa kusa, idan ya yanke shi kwatsam, jikinsa zai wayi gari babu na waje, babu na gida. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne alamun wannan hali su ma a ciki suke bayyana: tashin zuciya, amai, ciwon ciki, gudawa, tare da kasala mai tsanani da jiri. Sai majinyaci ya ɗauka guguwar maganin ce ba ta gama fita ba, alhali rashinsa ne ke neman ransa. Bugun jini yakan faɗi, mutum ya suma. Ana janye maganin ne a hankali, bisa tsarin da likita ya rubuta, ana ragewa mataki mataki.

Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda ya kamata dangin majinyaci su ma su sani. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid, idan amai ko gudawa suka kama shi har ƙwaya ba ta zama a cikinsa, kada a jira gobe. A kai shi asibiti ran nan domin a yi masa allurar haidirokotizon a ƙara masa ruwa. Wanda ya manta bai sha da safe ba ya sha da ya tuna a wannan yini, amma kada ya ninka washegari.

Wannan gargaɗi ya shafi har waɗanda ba likita ne ya ba su ba. Akwai 'yan mata da samari da ke shan Deksa domin su yi ƙiba, abin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa suna ramewa, fata tana tsagewa. Wanda ya riga ya shiga wannan hali ya yi watanni, kada tsoro ya sa ya watsar da ƙwayoyin dare ɗaya, kada kuma kunya ta hana shi zuwa asibiti. Ya faɗa wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha da tsawon lokacin, a tsara masa yadda zai sauka lafiya.

Lokacin da ba a jira

Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na dabam, alama ce ta jini daga tumbi. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma wanda ke kan sitiroyid kada ya yanke wa kansa hukunci, ya bari a duba. Haka nan aman jini, ko amai mai baƙi baƙi kamar garin gahawa. Haka ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko wanda ke soka har gadon baya tare da amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. Haka jiri da fari fat na tafin hannu da cikin ido, da rawayar ido, da gagarar haɗiya, da gudawa mai jini ko wadda ta wuce kwana biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nufi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Mai zuwa asibiti ya tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na kemis da na gargajiya da man shafawa, domin waɗansu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke ratsa fata ya shiga jini. Magani na gaskiya yana da suna da ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a jikin kwalinsa. Wanda zai daɗe a kan sitiroyid ya roƙi likita ko mai haɗa magani ya rubuta masa a 'yar takarda sunan maganin, da adadin da yake sha, da ranar da ya fara. Ya riƙa yawo da ita a aljihu, ya nuna ta ga duk ma'aikacin lafiyar da zai duba shi, ko mai cire haƙori ne, ko ungozoma, har tsawon shekara guda bayan ya gama shan maganin.